Tuƙin jirgin sama daga ɗaki: tambayoyi da amsoshi kan zaɓen manhajar kwaikwayo

Tun ranar da na ɗaure sitiyarin jirgi a bakin teburin ɗakina, baƙo ba ya shigowa ya fita bai tanka ba. Wani ya ce wasan yara, wani ya ce to yaushe za a kai mu Jidda. Waɗanda suka ɗauki abin da gaske kuwa, galibi samari masu burin shiga makarantar tuƙi da iyayensu, tambayoyinsu ba sa wuce waɗannan da na tattara a nan. Maganar duka a kan manhajar da ke kwaikwayon tuƙin jirgin sama a kwamfuta ce, wadda 'yan harkar ke kira simuleta.

Malam, a taƙaice, wace manhaja ce ta fi?

Kafin in amsa sai ka gaya mini abu uku: me kake nema da ita, wace irin kwamfuta gare ka, kuma yaya datarka da wutar unguwarku suke. Na ga wanda ya sayi mafi tsada saboda ya ga hotunanta a YouTube, aka wayi gari kwamfutarsa ko buɗe ta ba ta iya yi.

Amma tunda an ce a taƙaice: mai shirin shiga makarantar tuƙi, X-Plane 12 nake nuna masa. Mai son kallon duniya daga sama, ya ga garinsu, ya zaga tsaunuka da teku, Microsoft Flight Simulator. Wanda aljihunsa ba nauyi, FlightGear, kyauta ce. Mai sha'awar jiragen yaƙi, DCS World. Ra'ayina ke nan, kuma akwai matuƙa na gaske da za su yi mini musu kan biyun farko.

To mene ne ainihin bambancin Microsoft Flight Simulator da X-Plane?

Asalinsu ma daban ne. Ta Microsoft ita ce tsohuwar gida. Bruce Artwick ya rubuta ta, ta fito da sunan Microsoft a 1982, aka yi ta sabunta ta har zuwa Flight Simulator X, wato FSX, a 2006. A farkon 2009 kamfanin ya rufe sashen da ke yin ta, aka yi shiru fiye da shekara goma, sai a watan Agustan 2020 ta dawo ta hannun Asobo, wani kamfani da ke Bordeaux a Faransa. Abin da ya girgiza mutane a lokacin shi ne ƙasa. Sun ɗauko hotunan tauraron ɗan'adam na Bing Maps, suka sa kwamfuta ta tayar da gine-gine da itatuwa a kansu, suka zuba filayen jirgi wajen 37,000, sannan yanayin samaniya na ranar yana shigowa kai tsaye. Idan hadari ya haɗu a Legas yanzu, kana iya tashi ka tarar da shi.

X-Plane kuwa mutum ɗaya ne ya fara ta, Austin Meyer, matuƙi kuma injiniya a jihar Carolina ta Kudu a Amurka, a 1995, ƙarƙashin kamfaninsa Laminar Research. Shi damuwarsa yadda iska ke taɓa jirgi. Manhajar tana yanka fiffike da farfela gunduwa-gunduwa a lissafi, ta auna ƙarfin da iska ke yi wa kowane yanki sau da yawa a cikin daƙiƙa guda, ta haɗa su ta fitar da motsin jirgin. Tsofaffin manhajojin Microsoft ba haka suke yi ba, jadawali ake rubuta musu: in gudu kaza ne, hanci ya ɗaga kaza, to jirgi ya yi kaza. Shi ya sa aka daɗe ana cewa X-Plane ta fi kama da tuƙin gaske.

Yau tazarar ta ragu ƙwarai, domin daga 2020 Microsoft ma ta koma lissafin iska a kan sassan jikin jirgi. Abin da mutane ba sa lura da shi kuma, ingancin tuƙi ya fi rataya a kan wanda ya ƙera wannan jirgin da ka zaɓa a cikin manhajar. Jirgi mai kyau a Microsoft ya fi jirgin da aka yi da gaggawa a X-Plane, haka kuma in an juya.

Dalilin da nake karkata ga X-Plane don ɗalibi wani ne daban. Shafinta na haddasa matsala yana da faɗi: ka kashe inji a daidai tsayin da kake so, ka toshe bututun auna gudu, ka lalata agogo guda. Kana iya ajiye jirgi mil uku daga titi ka yi ta maimaita sauka ba tare da dogon jira ba. Tana aiki a Windows da Mac da Linux, kuma da zarar ka sauke yankin da kake so, ba ta dame ka da intanet. Ta Microsoft a Windows da Xbox ta fi zama, ba ta da ta Mac.

In ta Microsoft ce, ta 2020 zan saya ko ta 2024?

Ta 2024, wadda ta fito a 19 ga Nuwamban shekarar, ta zo da sabbin abubuwa masu daɗi. Kana iya sauka daga jirgi ka zaga shi da ƙafa kana dubawa kafin tashi, kamar yadda ake koyarwa a makaranta, kuma akwai tsarin aiki inda kake hawa mataki-mataki, ka yi jigilar kaya, ka yi feshin gona, ka yi ceto. Sai dai an gina ta ne a kan jawo kusan komai daga intanet a lokacin da kake tuƙi. A ranar da ta fito ma, cunkoson mutane ya sa da yawa sun kwana suna kallon allon jira. Su da kansu suna ba da shawarar intanet mai gudun megabit 50, mafi ƙaranci 10.

Ta 2020 tana cin wuri mai yawa a kwamfuta, ana neman ka tanadi gigabait 150, amma manyan fayilolinta in ka sauke ka sauke. Ga mai zama inda sabis ke zuwa yana tafiya, ta 2020 ta fi kwanciyar hankali.

Mu da muke sayen data da awo, kuma wuta sai an ga dama, yaya za mu yi?

Wannan ita ce tambayar da masu sharhi na Turai ba sa amsawa, don ba ta taɓa zuwa musu a rai ba. Na farko, kada ka sauke duniya duka. X-Plane tana nuna maka taswira lokacin girkawa, ka zaɓi murabba'an da kake so. Ɗauki Afirka ta Yamma, ka ƙara Saudiyya in kana son tafiyar Jidda da Madina, ka bar sauran. Ta Microsoft 2020 tana da wurin sa wa data iyaka, da wurin kashe hotunan tauraron ɗan'adam gaba ɗaya, da rumbun ajiya da ke riƙe wuraren da ka riga ka bi don kada ta sake sauke su. Amma ka sani, in ka kashe hotunan ka kashe rabin abin da ka biya kuɗi dominsa.

Na biyu, sabuntawa. Ta Microsoft takan tilasta maka sauke sabon gyara kafin ta bari ka shiga, wani lokaci gigabait da dama. Ka bar irin wannan sai dare, lokacin garaɓasar data.

Batun wuta kuwa, na taɓa tashi daga Kano zuwa Jidda a simuleta, na yi awa huɗu da wani abu ina bin hanya tiryan-tiryan, na fara gangarowa, fitilun titi sun bayyana, sai ɗif. Tun daga ranar na sayi UPS. Babbar kwamfutar wasa da allonta tana iya shan wat 400 zuwa 500 in ta ɗauki zafi, don haka mai ƙaramar sola ko inbata ya yi lissafi. Laftof ta fi sauƙin sha, kuma batirinta na ba ka damar ajiye aiki, sai dai zafin bazara yana rage mata gudu. Ka ɗaga ta daga tebur, ka riƙa busa ƙurar fankarta, musamman bayan hunturu.

Wace irin kwamfuta ake bukata?

Abu na farko da za ka duba shi ne katin hoto mai zaman kansa, na Nvidia ko AMD. Laftof ɗin ofis da ba ta da shi ba za ta ja X-Plane 12 ko Microsoft yadda ya kamata ba, ko da mai shago ya rantse maka Core i7 ce. RAM gigabait 16 shi ne abin da zan kira farawa, 32 ya fi, musamman ga ta 2024 da mafi ƙarancinta 16 ne. Sai SSD.

Kada ka yi ta canki-canka. X-Plane tana da gwaji na kyauta, ana ba ka minti 15 a kowace buɗewa. Sauke shi ka ga abin da kwamfutarka za ta yi. In hoton yana tafiya sumul wajen firam 30, wato hotuna 30, a daƙiƙa, ya wadatar. In yana tsinkewa lokacin sauka, rage inuwa da gajimare da yawan gine-gine. Gara ƙasa ta yi muni jirgi ya tafi daidai.

Ranka ya daɗe, yarona ya gama sakandare, burinsa makarantar tuƙin jirgi ta Zariya. In na saya masa wannan abin zai taimake shi, ko ɓata lokaci ne?

Alhaji, zai taimake shi, amma kafin ku kashe ko kobo ku fara kai shi gwajin lafiya wurin likitan da hukumar jiragen sama ta amince da shi. Ido, musamman bambance launuka, da ji, da zuciya. Akwai yaran da suka shekara suna mafarki, gwajin rana ɗaya ya tsayar da su.

In lafiya ta yi, ga inda simuleta ke da amfani. Awa guda a jirgin horo kuɗi ne mai yawa, kuma ɗakin matuƙi mummunan aji ne: ƙara, zafi, girgiza, rediyo na magana, malami na magana. Ɗalibin da ya shiga yana neman inda makunnin mai yake ya ƙona kuɗinku a banza. Wanda ya riga ya san manyan agoguna shida da ke gaban matuƙi, ya san jerin binciken da ake bi kafin tayar da inji, ya san yadda ake zagayen fili a tsayin ƙafa 1,000 da sunan kowane ɓangare na zagayen, shi hankalinsa na kan tuƙi. Haka karatun taswira, da bin tashoshin VOR, wato tashoshin rediyo na ƙasa da ke nuna wa jirgi hanya, da sarrafa allon Garmin G1000 da ke cikin jiragen horo na zamani. Duk waɗannan aikin kai ne, kuma kai yana koyo a ɗaki.

Kwalejin ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ta daɗe tana horo da jirgin TB-9 Tampico, daga baya ta kawo Diamond DA40 da DA42. Ita DA40 tana cikin jiragen da ke zuwa da Microsoft tun ta 2020, kuma da sanda ake tuƙa ta. Yaron da ya san inda zai je ya nemi jirgin da ya fi kusa da wanda zai hau.

Inda ba ta da amfani kuwa shi ne jiki. Nauyin sitiyari da ke sauyawa da gudu, yadda kujera ke danna ka a kwana, yadda gefen idonka ke gaya maka titi ya matso lokacin sauka, da tsoro. Kujerar ɗaki ba ta koyar da ko ɗaya.

Awannin da na yi a gida za a rubuta mini su a littafin awanni?

A'a. Ko awa dubu ka yi, sifiri ne a wurin hukuma. Abin da hukumomi ke amincewa da shi na'ura ce sukutum, manhaja da kayan hannu da allo, wadda aka duba aka ba ta takarda, kuma akasari da malami a gefe. A Amurka hukumar FAA tana da matakai biyu na ƙananan na'urori, BATD da AATD. A lasisin farko awa biyu da rabi kawai ake yarda a cike da su cikin awa 40, a horon tuƙi da agogo kuwa awa 10 a ta farko, 20 a ta biyu. Turai na da nata tsarin, FNPT, har zuwa manyan simuletocin da ke motsi a kan ƙafafu, masu daraja daga A zuwa D, waɗanda kamfanonin jirage ke horar da matuƙansu a ciki. A Najeriya hukumar NCAA ce ke da ta cewa, a Nijar hukumar ANAC.

Za ka ji ana tallar cewa X-Plane "FAA ta amince da ita". Gaskiyar maganar, ana gina na'urorin da aka amince da su a kanta, da lasisin ƙwararru na daban. Wadda ka saya ka sa a laftof ba ta cikin wannan.

An ce simuleta na koya wa mutum munanan ɗabi'u. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma ni shaida ne. Ranar da na fara shiga ƙaramin jirgi na gaske, ban fi minti goma a sama ba malamin ya zaro takarda ya rufe mini agoguna. Ya ce, "Duba waje. Hancin jirgi da layin da sama ta haɗu da ƙasa, su ne agogonka." Na saba da allo ƙarami inda waje ba ya gaya mini komai, sai idona ya manne a kan allura. A tuƙin gani da ido kuwa, mafi yawan lokaci waje ake kallo, don daidaita jirgi da kuma neman wasu jiragen.

Akwai sauran. Riƙe sitiyari da ƙarfi maimakon a yi tirim, wato daidaita jirgi har ya tafi da kansa ba ka ja ba ka tura, saboda sandar gida ba ta gajiyar da hannu. Manta feda, wato abin takawa da ƙafa da ke juya hancin jirgi hagu ko dama. Tsallake jerin bincike don ana sauri. Mafi muni, sabo da ganganci: ka faɗo, ka danna maɓalli, ka sake tashi.

Akwai kuma ruɗin da ke kama wanda ya iya tuƙi da agogo a ɗaki, ya ɗauka zai iya cikin gajimare. A 1954 Jami'ar Illinois ta gwada matuƙa 20 da ba su da horon agogo, aka rufe musu ganin waje, dukkansu jirgi ya ƙwace musu, a matsakaicin daƙiƙa 178. Abin da ke kayar da mutum shi ne kunnen ciki, wanda ke rantse maka jirgi a miƙe yake alhali ya kwanta. A ɗaki kunnenka ba ya yi maka wannan ƙaryar, don haka ba ka taɓa koyon ƙaryata shi ba.

Maganin mafi sauƙi, ka samu darasi ko biyu da malami tun da wuri, sannan ka riƙa maimaita abin da ya koya maka a gida.

Sai na sayi sitiyari da feda?

Da allon rubutu da linzami ba a tuƙi, wahala ce kawai. Sanda guda mai murɗawa, irin Logitech Extreme 3D Pro ko Thrustmaster T.16000M, ta isa farawa, tana da ɗan totur a gindinta. Ko abin wasan Xbox yana yi na ɗan lokaci.

In kuɗi ya ƙaru, yawancin mutane sitiyari suke rugawa su saya don ya fi kyan gani. Ni feda nake cewa a fara saya, domin ƙafa ce ɗalibai suka fi rauni a kai, kuma da ita ake juya jirgi a ƙasa da taka birki. Bayan ta sai sitiyari irin Honeycomb Alpha in Cessna ko Boeing kake bi. Mai bin Diamond ko Airbus ya zauna da sandarsa. Sai abin bin motsin kai, wanda ke juya kallo in ka juya kanka. TrackIR na kuɗi ne, OpenTrack kyauta ce kuma tana iya aiki da kyamarar kwamfuta. Wannan ƙaramin abu ya fi komai gyara matsalar manne ido a agogo.

Kayan nan ba kasafai ake samunsu a kasuwanninmu ba, sai an yi oda ko an ba matafiyi saƙo. In na hannu za ka saya, ka jona shi ka ga ko allurar tana rawa ita kaɗai a tsakiya.

Ba ni da kuɗin saye. Akwai ta kyauta mai amfani?

Akwai. FlightGear aikin 'yan sa-kai ne tun 1996, kowa na iya ganin yadda aka rubuta ta ya gyara. Ba ta da kyan fuska kamar sauran, kuma saitinta na bukatar haƙuri, amma lissafin tuƙinta ba wasa ba ne, har jami'o'i na amfani da ita a bincike. Cessna 172 ɗinta, ƙaramin jirgin horo, tana da kyau ƙwarai. Hattara da masu sake mata suna su sayar a intanet, an daɗe ana wannan damfarar.

DCS World ma tushenta kyauta ne, da jirage biyu, Su-25T da TF-51D, sauran kuma ɗaya-ɗaya ake saye. Mai burin aikin soja zai ji daɗinta, amma ba za ta koya maka tsarin jiragen farar hula ba. GeoFS a burauza take aiki. Google Earth Pro ma na da ɗan simuleta a ciki, na shaƙatawa.

Na waya fa?

Infinite Flight da X-Plane ta waya da Aerofly suna koya maka sunayen abubuwa da karatun agogo. Karkata waya ba tuƙi ba ne, amma a zaman jiran mota ya fi zaman banza.

Ina jin ana ambatar Prepar3D da FSX. Har yanzu suna da rai?

Kaka da jika ne. Lockheed Martin ya sayi tushen manhajar Microsoft ta ƙwararru, wadda aka fitar daga FSX, a 2009 ya gina Prepar3D a kai, don horon sojoji da makarantu. Shekaru da dama ita ce gidan masu tuƙa manyan jirage a ɗaki, amma tun 2020 yawancin masu ƙera jirage sun yi ƙaura. Sabon shiga ba shi da dalilin farawa da ita, sai in makarantarsa da ita take aiki.

FSX kuwa, wadda aka sake fitarwa a Steam, kantin sayar da wasannin kwamfuta a intanet, a 2014, kada a raina ta. Tsohuwar laftof na jan ta, ba ta neman intanet, tana da darussan koyon tuƙi a ciki, kuma ana yawan karya kuɗinta. Sai dai bayanan tashoshi da hanyoyin sama da ke cikinta sun tsufa.

Zan ga filin jirgin Kano? Garinmu fa?

Za ka gani. A wurin neman fili rubuta DNKN don filin Malam Aminu Kano, DNAA Abuja, DNKA Kaduna, DNZA Zariya, DNSO Sakkwato, DRRN Yamai, DRZR Damagaram, DRRM Maraɗi. Titunan suna inda suke, da lambobinsu. Gine-ginen ne ba lallai su yi kama ba. A Microsoft za ka gane hanyoyi da gonaki da madatsar Tiga da kogin Kwara, amma gidajen cikin birni kwamfuta ce ta ƙiyasta su, sai ka ga rufin da ba irin namu ba. X-Plane kuwa tana da manhajar zane kyauta, WorldEditor, da ƙofar da kowa ke iya aika filin da ya gyara a sa shi cikin fitowa ta gaba. Filayenmu da yawa na jiran wanda ya san su ya zauna ya yi musu wannan aikin. Kano, garin da jirgi ya sauka tun 1925, ya cancanci a zana filinsa da kyau.

Ga atisaye biyu da suka shafe mu. Tashi daga Kano a Cessna 172 ka nufi Zariya, kudu maso yamma, mil 74 na jirgi, kamar minti 40, ba tare da GPS ba, kana bin titin mota da agogon hannu. In ka iya, sake yi ka rage nisan gani zuwa kilomita 3, ka ga yadda hazon hunturu ke haɗiye ƙasa da sama.

Na biyu, zafi. Filin Kano na kan tsayin ƙafa 1,560 ko kusa, inda ma'aunin lissafin jirage ke sa ran digiri 12. Ranar da zafi ya kai 40 a watan Afrilu, an haura da digiri 28, kowane digiri kuma na ƙara kamar ƙafa 120. Jirgi zai ji kamar yana tashi daga tsayin ƙafa 4,900. Saita hakan, ka cika jirgin da mutum huɗu, ka ga yadda yake cin titi kafin ya ɗaga, da yadda yake hawa kamar an ɗaure masa dutse. Sannan ka je Jos, da ke sama da ƙafa 4,000, ka maimaita.

Yaya ake koyon magana da hasumiya?

Muryar hasumiya da ke zuwa cikin manhajojin ba ta da kirki sosai. Mutane na gaske ake nema, kuma suna dandalin intanet na VATSIM da IVAO, duk kyauta, inda 'yan sa-kai ke zama masu kula da zirga-zirga suna ba ka umarni da murya. Ranar farko kada ka tashi. Ajiye jirgi a wurin fakin, ba a kan titi ba, ka kunna rediyo ka saurara da biro a hannu. Sararin Afirka ta Yamma ba kullum ake samun mai tsaro ba, sai ka duba jadawalin ranakun da suke haɗuwa.

Ga ɗan makaranta wannan riba biyu ce, domin ICAO, hukumar jiragen sama ta duniya, na neman matuƙin da ke ƙetare iyaka ya kai mataki na 4 a Turancin jirgi. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka yi karatu da Faransanci su suka fi kowa bukatar wannan atisayen.

Ni Boeing nake so, me zan yi da ƙaramin jirgi?

In nishaɗi kake nema, bisimilla. Akwai Airbus A32NX na FlyByWire kyauta a Microsoft, da 737 na Zibo kyauta a X-Plane, sai na kuɗi irin PMDG da Fenix. SimBrief zai tsara maka hanya da lissafin mai, Little Navmap ya nuna maka taswira, duk ba ko sisi. Navigraph ne ake biya, don bayanan hanyoyin sama ana sabunta su duk kwana 28.

In makaranta za ka, ka ajiye Boeing. Abin da za ka koya a cikinsa danna maɓallan na'urar da ke tuƙi da kanta ne, kuma za ka daɗe kafin a tambaye ka wannan.

Wani ya ce zai tura mini ita a filashi kan kuɗi kaɗan.

Kofen sata ne. Ban da haƙƙin masu ita, ba ya karɓar gyara, yanayi da taswirar kai tsaye ba sa aiki, kuma sau da yawa da ƙwayar cuta yake zuwa. Ta Microsoft tana cikin Game Pass, tsarin biyan wata-wata na Microsoft, kana iya biyan wata ɗaya ka gwada. In a Steam ka saya, ana mayar da kuɗi cikin kwana 14 matuƙar ba ka wuce awa 2 kana amfani ba. Sai dai ta 2020 a cikin kanta take sauke manyan fayilolinta, agogon Steam kuma na lissafa wannan zaman, don haka da irin intanet ɗinmu awa biyun na iya ƙarewa ba ka ga ko fiffike ba.

Na girka, na sa Cessna a titi, amma da na tura totur sai jirgin ya yi hagu ya shiga ciyawa. Sandata ce ta lalace?

Sandarka lafiya lau. Haka jirgin gaske yake yi. Farfela na juyawa dama in kana kallonta daga kujera, iskar da take turawa baya tana naɗe jikin jirgi ta bugi wutsiya ta gefen hagu, hanci ya juya hagu, ƙarfin inji kuma na danna tayar hagu. Maganinsa fedar dama, ko murɗa sanda dama in ba ka da feda.

Tura totur a hankali, cikin daƙiƙa uku, kada ka buga shi lokaci guda. Kai idonka can ƙarshen titi, ka riƙe layin tsakiya da ƙafa, sitiyari ba ya juya jirgi a ƙasa. A Cessna 172S, in allurar gudu ta kai not 55, ma'aunin gudun jirgi ke nan, sai ka ɗan ja, kaɗan kawai, ka bar jirgin ya rabu da ƙasa da kansa, ka hau a not 74. Kada ka saki fedar dama don ka ga kun tashi, har yanzu ana bukatarta muddin hanci na sama inji na cike. Duba ƙwallon nan da ke cikin ɗan bututu a ƙasan agogon kwana: duk gefen da ya gudu, taka fedar wannan gefen har ya dawo tsakiya.